Ɗalibi Ba Ya Zuwa Jami'a Shi Kaɗai: Al'ada, Asalin Gida da Aikin Makiyayi

Gabatarwa

Kowace shekara, idan sunayen waɗanda suka sami shiga jami'a suka fito, ikilisiyoyinmu sukan cika da murna. Akan kira yaron ko yarinyar gaban jama'a ranar Lahadi, dattawa su ɗora hannu su yi addu'a, Zumuntar Mata ta haɗa ɗan gari da ƙuli-ƙuli, a yi rakiya zuwa tasha. Daga nan yawancinmu mukan ɗauka aikinmu ya ƙare. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu mu fara jin labari: wane ya daina zuwa sujada, wance ta dawo gida ba ta gama karatu ba, wane kuma idan ya zo hutu ba ya son zama a sujadar Hausa. Nan da nan mukan yanke hukunci, mu ce girman kai ne, ko ja da baya ne, ko boko ne ya lalata shi.

Ni ma na taɓa yanke irin wannan hukunci. Shekarun baya an kawo mini ƙarar wani saurayi wanda shi ne yake jan mawaƙa a ikilisiyar ƙauyensu, amma tun da ya shiga jami'a ya ƙaurace wa taron zumunta. Na tafi wajensa da tsawatarwa a bakina. Da muka zauna, da kyar ya faɗa mini abin da ya faru. A makonsa na farko an ce ya buɗe taro da addu'a da Turanci, harshensa ya harɗe, wasu a bayansa suka yi dariya. Tun daga ranar bai sake taka wurin ba, amma kowace asuba yana durƙusawa a gefen gadonsa yana addu'a da Hausa. Na dawo gida da tsawatarwata ban furta ta ba.

Abin da wannan darasi yake so ya nuna shi ne, ɗalibi yakan shiga jami'a ɗauke da gidansu: harshensu, tarbiyyarsu, talaucinsu ko wadatarsu, da raunukan da aka ji a gidan. Makiyayin da bai san wannan kaya ba zai riƙa ba da maganin ciwon da babu shi.

Yadda jami'a take tara mutane

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sa'an nan a 1975 aka kafa na Jos, Maiduguri da Sakkwato. Tun 1978 hukumar JAMB ce take shirya jarrabawar shiga jami'a. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ta raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa ga cancanta daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 ga jihohin da suke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Sakamakon wannan tsari shi ne, a ɗaki ɗaya na kwanan ɗalibai za ka iya tarar da ɗan babban ma'aikaci daga Abuja, da ɗan manomi daga Zuru, da ɗan ɗan kasuwa daga Anaca, da Bahaushe Musulmi daga Katsina. Jarrabawa ɗaya suka ci, amma ba hanya ɗaya suka biyo ba. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ɗaya ya tashi da kwamfuta a falonsu, ɗaya kuwa sai da jarrabawa ta matso ya fara taɓa ta.

Akwai kuma abin da tarihinmu na kusa ya ƙara. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da yawa a waɗannan garuruwa suka rabu bisa ga addini. Saboda haka akwai matasa, Kirista da Musulmi, da suka girma ba su taɓa samun maƙwabci daga ɗaya ɓangaren ba. Jami'a ce wuri na farko da za su kwana ɗaki ɗaya, kowa yana ɗauke da labaran da ya ji a gida game da ɗan'uwansa.

Shingayen al'ada

Shinge na farko shi ne harshe. Yaron da ya tashi a karkara a Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa ko Gwambe yakan iya harshen ƙabilarsa, ya iya Hausa, sa'an nan Turanci ya zo na uku. Mutum ne mai harshe uku, amma a jami'a da na ukun kaɗai ake auna shi. Ko a taron masu bi haka abin yake. Zumuntar ɗalibai ta FCS, wadda ta fara a Gindiri a 1957, da NIFES da aka kafa a 1968, sun yi wa ikilisiyar ƙasar nan babban aiki, kuma dole su yi amfani da Turanci domin su haɗa kowa. Amma ba tare da an nufa ba, mai zaƙin Turanci ne akan ba makirufo, shi ne kuma akan ɗauka ya fi girma cikin ruhaniya. A Littafin Mahukunta sura 12, mutanen Gileyad sun gane mutanen Ifraimu a mashigin Urdun ta wurin furucin kalma ɗaya, suka kashe su, alhali dukansu 'ya'yan Isra'ila ne. Yau ba ma zare takobi saboda furuci, amma dariya ma tana kore mutum daga taron 'yan'uwa.

Na biyu shi ne kunya. A gidajenmu da yawa an koya wa yaro kada ya kalli babba a ido, kada ya katse masa magana, kada ya yawaita tambaya. Wannan ladabi ne a gida. A ɗakin lacca kuwa malami yakan ɗauki shirun a matsayin rashin fahimta ko rashin kula. Ɗalibin da aka yi wa kuskure wajen haɗa makinsa zai iya haƙura ya maimaita kwas, domin shiga ofishin malami ya yi ƙorafi ya fi ƙarfin tarbiyyarsa. Ga 'ya'ya mata abin ya fi haɗari. Yarinyar da aka horar kada ta taɓa ce wa babba a'a, ba ta da shiri ranar da wani babba ya neme ta da abin da bai dace ba, kuma kunyar nan ita ce za ta hana ta faɗa wa kowa.

Na uku shi ne abinci da sutura. Akwai ƙabilun da suke cin naman kare ko na alade, akwai kuma masu bi, musamman Hausawa da Fulani da suka karɓi bishara, waɗanda ko ambatonsa ba sa so. Akwai ikilisiyar da mace ba ta shiga majami'a sai da ɗankwali, akwai wadda ba ta ɗauki wando a bakin komai ba. Idan babu koyarwa, kowane ɓangare yakan mai da al'adarsa ma'aunin tsarki.

Na huɗu shi ne salon sujada. Wanda ya saba da Littafin Waƙoƙi, da ganga da tulun Zumuntar Mata, da addu'ar mutum ɗaya kowa ya ce amin, yakan tarar da kiɗan zamani da addu'ar da kowa yake ɗaga murya lokaci guda. Wasu sukan tsorata su janye. Wasu kuma sukan rungumi sabon salo har su fara cewa ikilisiyar iyayensu matacciya ce.

Na biyar, wanda ya fi zurfi, shi ne ƙabilanci. Ƙungiyoyin ɗalibai na jiha ko na ƙabila suna da amfani, gama da ɗan gari akan ci gari. Matsala takan taso sa'ad da layin ƙabila ya shigo cikin zumunta: wa za a zaɓa shugaba, wa za a ziyarta in ya yi ciwo, wa ya isa a nema da aure. Na sha jin kukan Hausawa Kirista daga jihohin Kano da Katsina. A waje ana mamakin yadda Bahaushe zai zama Kirista, a ciki kuma 'yan'uwansu masu bi suna musu kallon zargi saboda sunansu da shigarsu.

Asalin gida

Al'ada ta jama'a ce, amma kowane gida yana da nasa labari. Ga irin gidajen da makiyayi zai yawaita gamuwa da 'ya'yansu.

Akwai ɗalibin da shi ne na farko a zuriyarsu da ya shiga jami'a. Babu wanda zai gaya masa yadda ake rajistar kwas, ko abin da faɗuwa ɗaya take yi wa sakamakon ƙarshe. An sayar da awaki ko buhunan hatsi aka biya masa kuɗin makaranta, dukan dangi kuma suna jiran ranar da zai fito ya ɗauki nauyin ƙannensa. Irin wannan ɗalibi in ya faɗi jarrabawa ba ya iya faɗa a gida. Wasu sukan ci gaba da zama a garin suna karɓar kuɗi bayan an sallame su, domin gaskiyar ta fi ƙarfin bakinsu.

Akwai ɗan talaka, wanda yake cin abinci sau ɗaya a yini. Idan zumunta ta sa anko, ko ta shirya taron da sai an biya kuɗin mota, yakan ce yana da karatu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, ya nuna wannan bambanci a fili: wasu sun koyi sana'a ta intanet a gida, wasu sun koma gona da kuɗin hayar da ya ƙone a banza. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta ƙara nauyin. Yunwa tana buɗe ƙofar jaraba: satar amsa, damfara ta waya, bin masu kuɗi, ko shiga ƙungiyar asiri da take alkawarin kariya.

Akwai wanda ya fito daga gidan mata da yawa, ko gidan da aure ya mutu. Sau da yawa uwa ce kaɗai take fama da kuɗin makarantarsa, kuma nasararsa ko faɗuwarsa ta zama makami tsakanin ɗakuna. Mai irin wannan tarihi yakan yi wuyar amincewa da mutane, wani lokaci har kiran Allah Uba yakan yi masa nauyi.

Akwai wanda ya ba da gaskiya daga gidan da ba na Kirista ba. Idan aka yi hutu kowa yana ɗaure kaya, shi kuwa bai san inda zai nufa ba.

Akwai 'ya'yan gudun hijira. A 2014 mayaƙan Boko Haram sun mamaye Gwoza, Madagali, Michika da Mubi, dubban iyalai suka watse. Yaron da yake ɗan shekara 8 a lokacin, yanzu ya kai shekarun jami'a. Haka kuma 'ya'yan ƙauyukan da hare-hare suka tasa a Filato, Binuwai da Kudancin Kaduna. Wasunsu ba sa iya barci, wasu ƙara kaɗan takan firgita su, wasu kuma suna ɗauke da fushin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

A ƙarshe, 'yan'uwana masu hidima, akwai 'ya'yanmu. Ɗan fasto ya girma idon ikilisiya duka yana kansa. A jami'a ne karo na farko da ba wanda ya san shi, a nan ne kuma zai gane ko bangaskiyar tasa ce ko ta gado. Kada mu ɗauka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu bar namu ba kiwo.

Shingen da yake jira a gida

Bayan shekara biyu ɗalibi yakan zama baƙo a wuri biyu. A jami'a ana masa kallon ɗan ƙauye, a ƙauye kuma ana ce masa ɗan boko. Ya karanta abubuwa game da kimiyya, tarihi da addinai, yana da tambayoyi, amma idan ya yi tambaya a nazarin Littafi Mai Tsarki sai wani dattijo ya ce ya fara raina manya. Idan ya kawo maganar yarinya daga wata ƙabila, sai gida ya tashi. Gaskiya ne wasu sukan dawo da ɗaga kai, kuma wannan yana bukatar gyara. Amma ikilisiyar da ta ƙi sauraron tambayar ɗanta ta tura shi wajen wanda zai saurare shi, ko wane ne shi.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Daniyel sura 1 labarin ɗalibai ne. An kwashi samari daga Yahuza zuwa Babila, aka sa su karatun shekara 3 cikin harshe da ilimin Kaldiyawa, har aka sauya musu sunaye. Daniyel da abokansa sun karɓi harshen, sun karɓi karatun, har suka fi kowa. Amma a kan abincin sarki suka ja layi, suka kuma yi haka cikin ladabi, ta wurin roƙon a gwada su kwana 10. Su huɗu ne, ba mutum ɗaya ba. Ɗalibinmu yana bukatar abubuwan nan biyu: hikimar rarrabe abin da zai karɓa da abin da zai ƙi, da kuma abokan tsayawa.

Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna shingen harshe a cikin ikilisiyar farko. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu ƙorafin ba su da ruhaniya ba, ba su kuma tsaya ga wa'azin haɗin kai kawai ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin. Dukan sunayen bakwai ɗin na Helenanci ne, ɗaya daga cikinsu ma, Nikolas na Antakiya, asalinsa ba Bayahude ba ne. Wato an ba ɓangaren da aka ware riƙon abin da aka ware su a kansa. Bayan haka ne Luka ya ba da labarin yadda maganar Allah ta ƙara yaɗuwa.

A Galatiyawa sura 2, Bitrus yana cin abinci tare da al'ummai a Antakiya, amma da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye, har Barnaba ya bi sahunsa. Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, domin ya ga cewa raba teburi yana musun gaskiyar bishara. Wanda kake cin tuwo da shi, da wanda kake gudu, yana bayyana tauhidinka fiye da abin da ka rubuta a jarrabawa.

Timoti kuma ɗan gida mai haɗe-haɗe ne: uwarsa Bayahudiya mai bi, ubansa Bahelene. Bulus ya san sunan uwarsa Afiniki da na kakarsa Loyis, ya san inda bangaskiyar saurayin ta samo tushe, ya kuma yi la'akari da asalinsa kafin ya tafi da shi hidima. Ya san gidan kafin ya horar da ɗan.

Abin da makiyayi zai yi

Kafin tafiya. Kada addu'ar sallama ta zama ita kaɗai ce shiri. A zauna da sababbin ɗalibai tare da waɗanda suka riga su shiga, a yi magana a fili a kan rajista, kuɗi, abokai, neman aure, ƙungiyoyin asiri, da zama lafiya da abokin ɗaki Musulmi. A koya wa 'yan mata cewa ƙin abin da bai dace ba ba rashin ladabi ba ne, a kuma nuna musu matar da za su kira in wani abu ya taso. A zauna da iyaye su ma, su san cewa faɗuwa kwas ɗaya ba ƙarshen duniya ba ne, domin 'ya'yansu su iya faɗa musu gaskiya.

Lokacin karatu. Ikilisiya ta riƙe rajistar ɗalibanta: suna, jami'a, kwas da lambar waya. A rubuta wa faston jami'a ko wata ikilisiya a garin takardar gabatarwa, a kuma nemi iyali ɗaya da ɗalibin zai riƙa zuwa cin abinci. Zumunta a ƙafa take, amma inda ƙafa ba ta kai ba, kira ɗaya a wata yana da tasiri. A ware wani abu daga baiko domin ɗalibai mabukata, a kuma bayar da shi a asirce.

Ga masu hidima a cikin jami'a. Ku dubi jerin shugabannin zumuntarku ku tambayi kanku ko ƙabila ɗaya, ko masu hali kaɗai, suka cika shi. Ku ba da wuri ga waƙa da addu'a cikin Hausa da sauran harsuna. Ku rage ayyukan da sai mai kuɗi ne zai iya shiga. Kafin hutu ku bincika wa ba shi da wurin zuwa. Wanda kuka ga alamun firgita ko baƙin ciki mai tsanani a tare da shi, ku yi addu'a da shi, ku kuma raka shi wajen likita ko mai ba da shawara.

Lokacin hutu. A ba ɗalibi aiki: ya koyar a Makarantar Lahadi, ya taimaki masu shirin jarrabawa, ya karanta nassi da Hausa ko da harshen gida. A ba shi fili ya yi tambayoyinsa. Inda ba ka da amsa, ka ce za ku bincika tare.

A cikin dukan wannan, tambaya ta riga hukunci. Sanin asalin mutum ba ya mai da zunubi ya zama daidai, kuma inda akwai zunubi dole a faɗa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ce masa ya ba ka labarin gidansu, wa yake biyan kuɗin makarantarsa, da wa yake cin abinci, sa'an nan ka yi shiru ka saurara.

Kammalawa

Saurayin nan da na ambata da farko ya koma zumunta bayan da aka roƙe shi ya koya wa mawaƙa wata waƙar Hausa. Abin da aka yi masa dariya a kai shi ne ya zama hidimarsa. Waɗannan ɗalibai su ne dattawa, malamai da masu riƙe da ikilisiya nan da shekara 20. Idan sun koyi cin abinci a teburi ɗaya yanzu, haka za su bi da ikilisiya gobe. Idan kuwa sun fita da shingayen da suka shiga da su, za su gina su a cikin majalisunmu. Ubangiji ya ba mu idon makiyayi, wanda ya san tumakinsa da sunayensu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ɗalibai nawa ne daga ikilisiyarka suke jami'a a yanzu, kuma yaushe ka yi magana da kowannensu?
2. Wace al'ada ce a ikilisiyarku aka mai da ita ma'aunin tsarki alhali nassi bai umarta ba?
3. Bisa ga misalin Ayyukan Manzanni sura 6, su wa ake tsallakewa a wurin hidimarka, kuma wane aiki za a iya danƙa musu?